Lambun Gida: Furanni a Gindin Mangwaro

Uwargida, kada ki bar gindin mangwaro ya zama wurin tara shara don rana ba ta kai can. Akwai tsire-tsire masu son inuwa, shuka ɗaya shekara da shekaru.

Na fari shi ne takalmin zomo, ɗan dajinmu, wanda aka zana a tambarin Nijeriya. Ganyensa huɗu ne shimfiɗe a ƙasa, fure rawaya a tsakiya. Da ruwan fari yakan fito.

Sai kaladiyum, ɗan'uwan gwaza, asalinsa Amurka ta Kudu. Kyansa a ganye yake, ja da fari da kore, ya isa ado a majami'a ran Lahadi. A binne saiwarsa zurfin inci 2, a zuba ruɓaɓɓen taki, gama mangwaro da haɗama yake. In hunturu ya shigo ganyen zai bushe ƙurmus. Bai mutu ba, barci yake yi. A daina ban ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe.

Amma fa a kula: kaladiyum ba na miya ba ne. Yana ƙona baki, ya kumbura maƙogwaro. Ki nuna wa yara bambancinsa da gwaza, kada kuma ki dasa su kusa da juna.