Ka Biya Kuɗin Waya, Amma Makullinta Yana Hannun Kamfani

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni. Mutanen da ke kusa da iyaka sun koma neman sabis ɗin Nijar don jin halin 'yan uwa. Mai ƙaramar Itel ko Tecno mai layi biyu yana iya zare layi ya sa wani cikin minti ɗaya. Wayar da aka kulle ta a kan kamfanin sadarwa guda kuwa, komai tsadarta, ba ta karɓar baƙon layi.

Wannan shi ne illar rufaffen tsari, inda kamfani ke sayar da na'ura amma ya ci gaba da yanke hukuncin abin da za a sa mata, da wanda zai gyara ta.

Apple ne kan gaba a wannan ɗabi'a. Tun daga iPhone 14 na 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa layi, sai eSIM, kuma irinsu na shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu. Idan batir ko gilashin gaba ya lalace, mai gyara ya sa wanda kamfanin bai tantance ba, wayar kan fito da gargaɗin cewa ba ta san kayan ba. Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a Najeriya. To matashin Bafarawa ina zai kai tasa? Sai ya kama hanyar Sakkwato ko kasuwar Farm Centre a Kano, a kan titin da kowa ya san haɗarinsa.

Masu Android ma kada su saki jiki. Inda data ke da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, yawancin manhajoji ta Xender suke yawo daga waya zuwa waya. Haka yaron da ya koyi rubuta manhaja da kansa ke raba aikinsa ga abokai ba tare da neman izinin kowa ba. A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai buƙaci duk mai ƙirƙirar manhaja ya yi rajista da shaidarsa kafin a iya sa manhajarsa, ko da ba ta Play Store ta biyo ba. Ya ce za a fara da Brazil, Indunusiya, Singafo da Tailan a Satumbar 2026, sauran ƙasashe su biyo baya. Da suka ta yi yawa, ya yi alkawarin barin wata hanya ga masu ƙwarewa, amma dai shi ne mai buɗewa da rufewa.

Hujjar kamfanonin ita ce tsaro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: manhajojin bogi suna sace kuɗin mutane. Sai dai manhajojin bashi da suka riƙa tozarta 'yan Najeriya ta hanyar aika wa danginsu saƙo, a cikin shagunan kamfanonin suke zaune, har sai da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta nemi a cire su a 2022. Gargaɗi mai kyau ya isa kare mutum, ba sai an ƙwace masa zaɓi ba.

Kuma idan aka matsa musu suna sauyawa. Dokar Tarayyar Turai ce ta sa iPhone 15 ya koma cajar USB-C a 2023, wata dokarta ce kuma ta tilasta wa Apple barin wasu shagunan manhaja a 2024, amma a lokacin ga mazauna ƙasashen Tarayyar kawai. Ya kamata NCC da FCCPC su nemo wa 'yan Najeriya irin wannan haƙƙi.

Kafin nan, duk mai shirin sayen waya ya gwada ta da layi biyu daban tun a shago, ya tabbatar tsohon mai ita ya cire iCloud ko asusun Google ɗinsa, ya kuma tambayi mai gyaran garinsu ko yana samun kayanta. Idan amsar ɗaya ta zama a'a, gara ya ajiye ta ya duba wata.