Kufai Amanar Jama'a Ne

Idan garmar manomi a Dingyadi ta tono tsingaro ko wani mutum-mutumin yumɓu, na wane ne? Dokar Nijeriya ta hana shi sayarwa, ta kuma wajabta masa sanar da hukuma. Tambayar ta dace da wannan yanki, domin a Sifawa da ke ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Dokar ba yau ta fara ba. A 1943 aka kafa sashen kula da kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953. Doka mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma haramta tono kufai ba tare da izni ba.

Sai dai doka ba kuɗi tamkar rijiya ce ba guga. Surame, birnin Kanta na Kabi, ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, amma suna a takarda ba ya biyan mai gadi. Mahaƙan sata sun yi ta fitar da mutum-mutumin yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato, har a 2000 wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Paris. Babban binciken Nok da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 kuwa, akasarin kuɗinsa daga Jamus ya fito.

Asarar ta wuce ta kaya. Masanin kufai yana gane shekarun abu ne daga zurfin da aka same shi, da gawayi ko ƙashin da ke kusa da shi, waɗanda ake aunawa a ɗakin gwaji. Mahaƙin sata yakan watsar da waɗannan shaidu, ba kuwa a sake samun su har abada.

Wani zai ce asibiti da makaranta sun fi gaggawa. Gaskiya ne, amma ana iya gina aji baɗi, kufan da aka hargitsa bana kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka wajibi ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ware kaso a kasafinsu domin ƙidayar kufai, da albashin masu gadi, da binciken jami'o'in gida. Hakimai su tsare wuraren, malamai su kai ɗalibai su gani da idonsu. Ɗalibin da ya san darajar tsingaro ba zai bari a sayar da shi a ɓoye ba.