Sallama Kafin Kiran Bidiyo, Ko Da Da Indiyanci Ne

A wannan wata mun yi niyyar taɓa maganar tsadar takin zamani ne, sai wani abu ya faru a gidan wasu 'yan uwanmu a Yendi wanda ya sa muka ajiye wancan zance sai wani jiƙon. Abin bai wuce jimla ɗaya ta Indiyanci ba, amma rashin saninta ya hana wata baiwar Allah barci har kwana uku.

Ga yadda aka yi. An kai maigidanta birnin Delhi na ƙasar Indiya domin a yi masa aikin zuciya, ƙanensa ne ya raka shi. Da aka sallame su daga asibiti sai suka kama ɗaki a wani masauki da ke kusa, domin likita ya ce sai ya sake duba shi kafin ya yarda ya hau jirgi. Ana cikin haka wayar ƙanen ta faɗa ruwa ta mutu. Lambar da ta rage a hannun mutanen gida ita ce ta mai masaukin, wani dattijo Ba'indiye wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Hajiya kuwa ta ce ita ba saƙo take so ba, fuskar mijinta take so ta gani, domin gani ya kori ji. Sai babban ɗanta, wanda duk unguwa ta san shi da kallon finafinan Indiya tun yana firamare, ya ce a bar masa wannan aiki. Bayan sallar Isha'i ya danna kiran bidiyo kai tsaye. Dattijo ya ɗauka cikin magagin barci, daga shi sai singileti, ya ga baƙuwar fuska da mata uku a bayanta suna leƙe, yaro kuma ya buɗe baki ya zuba masa Indiyancin fim. Dattijo ya kashe wayarsa. Washegari aka kira bai ɗauka ba, aka sake kwana haka.

Ba mu ga laifin dattijon nan ba. Da farko dai akwai maganar lokaci. Agogon Indiya yana gaba da namu na Gana da awa 5 da rabi. Wato ƙarfe 8 na dare a Yendi ko Salaga ko Bawku, ƙarfe 1 da rabi ne na tsakar dare a Delhi. Wanda ke son samun Ba'indiye idonsa biyu, ya neme shi tsakanin sallar Asuba da Azahar tamu: ƙarfe 7 na safe a nan, 12 da rabi ne na rana a can. 'Yan uwanmu na Nijeriya su nasu bambancin awa 4 da rabi ne, saboda haka kada a ɗauki lissafin mutumin Kano a yi aiki da shi a Bawku.

Amma ko da rana tsaka aka kira, da sauran magana. Mu da muka tashi a zango mun san ba a faɗa wa gidan mutum haka kawai. Ana tsayawa a zaure a yi sallama, a jira a amsa, mata su gyara lulluɓi, sannan a ce a shigo. To, tun da WhatsApp ya fito da kiran bidiyo a 2016, sai muka wayi gari yaro yana iya kutsawa har uwar ɗakin mutum da yatsa ɗaya, kuma bai ga ya yi wani abu ba. Kiran murya kamar tsayawa ne a ƙofar gida ana magana ta bayan labule. Kiran bidiyo kuwa ɗaga labulen ne. Indiyawa mutane ne masu kunya da kiyaye girma kamar mu, wani wurin ma sun fi mu, kuma abin da ba za mu so a yi wa mahaifinmu ba, su ma ba sa so a yi wa nasu.

Sai mu zo kan harshen kansa, inda a nan ne da yawa daga cikinmu za su ji kunya. Tun cikin shekarun 1950 ake nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Afirka ta Yamma. Iyayenmu sun yi kuka a kan Mother India na 1957, mu kuma mun haddace Sholay na 1975 kamar karatun allo. A 2015 gidan talabijin na Adom ya fara nuna Kumkum Bhagya da harshen Tuwi, har mata suka riƙa barin tukunya a kan wuta, ga kuma fassarar Hausa da ke zuwa mana daga Kano a cikin waya. Saboda haka babu zangon da za ka shiga ka rasa mai cewa yana jin Indiyanci. Amma wane irin Indiyanci? Na masoya ne a cikin lambu, da na 'yan daba a kan gada. Babu wanda ya koyi yadda ake yi wa likita ko mai masauki ko malamin jami'a magana daga bakin shugaban 'yan fashi.

A harshen Hindi, kalmar "kai" ko "ke" iri uku ce. Akwai tu, wadda ake faɗa wa ƙaramin yaro ko aboki na ƙut da ƙut, ko wanda ake so a wulaƙanta. Akwai tum, ta tsara da ƙanne da masoya. Sannan akwai aap, ta girmamawa, wadda ake faɗa wa babba da baƙo da duk wanda ba a saba da shi ba, kamar dai yadda wasunmu kan ce wa dattijo "ku" alhali shi kaɗai ne. Waƙoƙin fim cike suke da biyun farko. Yaron Yendi tum ya ce wa sa'an kakansa, kuma da zai ambaci mahaifinsa sai ya ce baap, kalmar da ake jin ta a bakin masu cika baki, maimakon pita ji ko waalid saahab. A ganinsa gwaninta ya yi.

Wanda ya warware wannan ƙulli wani matashi ne ɗan Bawku da ya yi karatun haɗa magunguna a Indiya. Da aka kai masa kuka, sai ya ce kada a sake kira, a aika saƙon murya gajere da safe, a yi gaisuwa, a ba da haƙuri, sannan a nemi izini. Jimlar neman izinin ita ce wannan, mun rubuta ta yadda bakin Bahaushe zai iya kamawa:

Kya ham widiyo kol kar sakte hain?

Ma'anarta ita ce, shin za mu iya yin kiran bidiyo? Kya a farkon zance tana aikin "shin" ko "ko" tamu. Ham ita ce "mu". Kar sakte hain kuma "za mu iya yi" ke nan, domin su aikatau a ƙarshe suke ajiye shi. Harafin n na ƙarshen hain ba a furta shi sosai, ta hanci ake sakin sa. Sunan kiran kuwa na Turanci suka ara kamar yadda muka ara, sai dai inda muke cewa bidiyo su sautinsu ya fi kusa da widiyo. A lura fa, jimlar ba ta umarci kowa ba. Tambaya ce, kuma ta ce "mu", ta bar wa mutum ƙofar cewa a'a ba tare da an ji kunya ba.

In ana so a ƙara mata ladabi, sai a sa mata gaba:

Agar aap ke paas wakt ho, to kya ham widiyo kol kar sakte hain?

Wato, in kuna da lokaci, ko za mu iya yin kiran bidiyo? To, a nan ne abin ya ba mu sha'awa har muka zauna muna lissafi da ɗan Bawkun. Wannan wakt ɗin ba baƙuwa ba ce, ita ce al-waƙt ta Larabci wadda bakinmu ya mayar "lokaci". Larabci ya zo mana ta Sahara a bayan raƙuma, su kuma ya je musu ta hanyar Farisanci, sai ga mu mun haɗu a waya. Khabar ɗinsu ita ce "labari" namu. Kitaab "littafi" ne, saabun "sabulu", duniya kuwa ko gyara ba ta buƙata. Zaruur, wato lallai, 'yar uwar "larura" ce. Maaf kijiye, wato ku gafarce ni, tushensu ɗaya da "afuwa". Kai, har gaisuwar da ake yi a Delhi da Lakno, aadaab, ɗiyar al-adab ce wadda muke cewa "ladabi". Ɗan makarantar allo da ya yi nisa a littattafai ya fi mai kallon fim kusa da Indiyancin manya, shi ne dai bai sani ba.

Maganar gaisuwa tana da muhimmanci. In Musulmi ne, sallama ta wadatar, kuma Musulmin Indiya ba kaɗan ba ne, ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 170. In mabiyin addinin Hindu ne, gaisuwarsu namaste ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, aadaab tana nan, an daɗe ana amfani da ita tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Sannan a liƙa ji a bayan suna ko muƙami, ita ce "malam" da "ranka ya daɗe" ɗinsu a dunƙule.

Tambaya kuma sai da fahimtar amsa. Haan ji ita ce to, na yarda. Abhi nahin, ba yanzu ba. Baad mein, sai an jima. In aka ce maka haka sai ka ce koi baat nahin, wato ba komai, ka bi da kab thiik rahega, yaushe ne zai dace? Akwai wata kalma guda da za ta iya rikita mutum, ita ce kal, domin ita ce jiya kuma ita ce gobe, sai daga sauran zance ake gane wadda ake nufi. Mun ce wa ɗan Bawku ai wannan kalma ta dace da wasu masu cin bashi da muka sani a kasuwar Salaga.

Sai dai a yi hattara, ba duk Ba'indiye ne Hindi ke bakinsa ba. Tsarin mulkinsu ya lissafa harsuna 22, kuma a ƙidayar 2011 waɗanda Hindi ne harshen uwarsu ba su kai rabin jama'a ba, wajen kashi 44 ne cikin 100. Wanda ɗansa ke Chennai, can Tamil ake yi, kuma mutanen wannan jiha sun yi bore a 1965 saboda ƙin a ɗora musu Hindi. A Bangalor Kannada ne, a Kerala Malayalam. A waɗannan wurare gara mutum ya nemi izininsa da Turanci. Amma Delhi da Mumbai da jihohin arewa, jimlarmu za ta yi aiki.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan me? To, a duba titi. Babura da kekuna masu ƙafa uku na Bajaj da TVS da ke ɗaukar mu a Bawku da Yendi daga Indiya suke. Magungunan da ke kantin unguwa, a juya kwalin a karanta. Fadar shugaban ƙasa da ke Akara, wadda aka buɗe a 2008, da bashin Indiya aka gina ta. A 2019 bankin Exim na Indiya ya sa hannu a kan bashin dala miliyan 30 domin aikin ruwan sha na Yendi, yadda aikin ya kaya kuwa mutanen Yendi sun fi mu bakin faɗa. A watan Yulin 2025 Firayim Minista Narendra Modi da kansa ya zo Akara. Yaranmu na tafiya karatu, marasa lafiyarmu na tafiya magani, 'yan kasuwarmu na aika kuɗi ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi damun mu. Kafin mutum ya tura sidinsa ga wani dillalin kaya ko dillalin asibiti, ya nemi kiran bidiyo cikin ladabi, ya ga fuska, ya ga shago, ya ga kaya. Mai gaskiya zai sa maka lokaci. Wanda kullum amsarsa baad mein ce, to, ka riƙe kuɗinka. Ko an ga fuskar ma kada a saki jiki gaba ɗaya, domin yanzu har fuska da murya ana ƙirƙirawa da kwamfuta.

Ba yau muka fara irin wannan koyo ba. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, watanni suke yi a hanya, kuma duk ƙasar da suka ratsa sai sun nemi izinin sauka. Da suka zauna a Salaga sun koyi gaida Gwanjawa. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, wasu suka nufi Kete Karachi, wasu Yendi, wasu Kumasi, a can ma suka sake koyon wata gaisuwar. Har gobe Bahaushen Yendi da safe dasiba yake cewa, a amsa masa da naa, kuma bai rage komai daga Hausarsa ba.

Mu koma gidan Hajiya. Ƙarfe 7 na safe yaro ya aika saƙonsa, bayan ya maimaita shi sau goma a tsakar gida ƙannensa na yi masa dariya. Ya fara da aadaab, ya ce maaf kijiye, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, sannan ya kawo jimlar. Ba a yi rabin awa ba amsa ta zo, kalma biyu: zaruur, beta. Wato lallai kuwa, ɗana. Da aka kira, dattijo ya sa farar riga ya taje gashi, ya hau bene da wayar a hannunsa har bakin gadon Alhaji. Hajiya ta dubi mijinta ta ce ya rame, shi kuma ya ce tuwo yake marmari da miyar kuka. An ce mana yanzu yana samun sauƙi, Allah ya ƙara masa lafiya ya dawo da su gida lami lafiya.

Maganar takin zamani kuma sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.