Ƙashin saniya ba shara ba ne

A unguwar Kwara Kano, cikin birnin Yamai, ana cin nama sosai. In an yi biki ko suna, a kan yanka sa. Jama'a su ci nama, a sayar da fata. Ƙashi kuwa sai a zubar da shi a bola, karnuka su yi ta ja. Wannan asara ce.

Mine ne a cikin ƙashi? Akwai ma'adinai biyu masu daraja: kalsiyom da fosfor. Idan aka ƙona ƙashi ya zama toka fara, cikin kilo 100 na tokar ana samun kalsiyom fiye da kilo 30, da fosfor wajen kilo 15. Wannan fosfor ya ninka wanda ke cikin takin zamani 15-15-15, wanda manomi ke saye da tsada.

Daga ina saniya ta samo shi? Daga ciyawa. Ciyawa kuma daga ƙasa ta tsotso shi. To, ƙasar Nijar mai rairayi ce, fosfor ya yi mata ƙaranci. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa rashinsa yana cikin manyan abubuwan da ke hana hatsi yin zangarniya mai kyau. Makiyaya ma sun san alamar: da rani, saniyar da ta rasa fosfor takan tauna busasshen ƙashi a daji.

Saboda haka, ya kamata ƙashin ya koma gona. Aikin ba wuya. A tara shi, a ƙona shi ƙurmus, a daka a turmi, a gauraya da takin gargajiya. Ba ya narkewa da sauri, amma amfaninsa yana daɗewa a ƙasa. Masu lambu a bakin kogin Kwara za su so shi. Kaji masu ƙwai ma suna bukatar garin, don ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi. Jini da abin da ke cikin tumbi su ma taki ne, bai kamata su malala cikin kogi ba.

Sai dai a kiyaye. Ƙashin mushe yana iya ɗauke da ciwon saifa, kada yara su taɓa shi. Kuma kada a ba shanu garin nama da ƙashin ƴan uwansu. Abin da aka yi ke nan a Ingila, har ciwon haukan shanu ya bayyana a 1986.