FILIN NOMA DA KIWO: Tumatir a Bayan Ɗaki

Yau filin namu ya nufi arewacin Jihar Yobe, watau Nguru da Gashuwa, inda damina gajera ce, rani kuwa dogo.

Duk magidanci a garuruwan nan ya san halin tumatir. A Fabrairu da Maris 'yan fadama sukan cika kasuwa da shi har ya rasa mai taya, amma da damina ta sauka sai ya yi tsadar da uwargida za ta riƙa ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Fadamar ma ta sake hali. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar kogin Haɗeja ta canza, kachalla kuwa ta toshe hanyoyin ruwa da dama a wajen Nguru. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har farashi ya ninninka. Saboda haka lalle mai gindi goma ko ashirin a bayan ɗaki ya rage wa kansa wahalar cefane.

Babban abin lura shi ne lokaci. Tumatir ba ya jimre wa zafi mai tsanani, furensa yakan kakkaɓe ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba, alhali zafin Afrilu da Mayu a wannan yanki yakan wuce digiri 40. To, sai a yafa iri a Oktoba, a yi dashe bayan kamar mako huɗu, da la'asar sakaliya, don fure ya dace da sanyin hunturu. Wanda ya bari sai Fabrairu, ganye kurum zai shayar. Irin Roma da UC82B sun fi ƙarko bayan tsinka.

Ƙasar wurin galibi jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Maganinta ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, gama ɗanye yakan ƙone saiwa. A bar tazarar kamu guda tsakanin gindi da gindi, a rufe ƙasa da ƙaiƙayin gero don laima ta daɗe. Ban ruwa kuwa ya zama kullum, daidai wa daida, a gindi kawai. Ƙishirwa yau, ambaliya gobe, ita ke sa ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙi ya ruɓe. Ruwan wanki mai sabulu ba na lambu ba ne.

Kowace safiya a duba ganye. Wanda aka ga farin tabo a jikinsa, da 'yar tsutsa a ciki, a tsinke a ƙone nan take. A jiƙa dakakkun 'ya'yan maina su kwana, a tace, a yayyafa da yamma mako-mako. Kada kuma a manta da shinge, don akuya ba ta san wahalar mai lambu ba.

In amfani ya yi yawa, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a adana kauɗar don miyar damina. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba albasa.