Rigakafin murar aladu: wa ya kamata a fara yi wa allura?

A ranar 11 ga watan Yunin 2009 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana murar aladu a matsayin annobar da ta game duniya. Cikin 'yan watanni aka samar da allurar rigakafi, amma rabon ta ya zame wa gwamnatoci alaƙaƙai.

Matsalar ta samo asali ne daga masana'antu. A cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar cutar domin haɗa allurar, ita kuwa wannan ƙwaya ba ta hayayyafa da sauri ba. Amurka ta ware mutane kimanin miliyan 159 da za a fara da su, ciki har da mata masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya, da yara, alhali allurar da ta iso a watan Oktoba ba ta kai ko kusa da haka ba.

Hanyoyi biyu ne a gaban hukumomi. Buɗe manyan cibiyoyi ga kowa ya fi sauri, tun da babu ɓata lokaci wajen tantancewa. Sai dai mai ƙarfin tsayuwa a layi, wanda zai iya barin aikinsa na yini guda, shi ke shiga gaba. Mai tsohon ciki da mai ciwon asma su ake bari a baya.

Lardin Alberta na ƙasar Kanada ya gwada wannan hanya a ƙarshen Oktoba. Cikin mako guda allurar ta yi ƙaranci, aka rufe cibiyoyin, sannan aka sake buɗe su ga ƙananan yara da masu juna biyu. Jama'a sun ƙara fusata da jin cewa an yi wa 'yan wasan ƙungiyar Calgary Flames allura a keɓe.

Tsaurara tsari ma na da tasa illar. Faransa ta sayi allurai miliyan 94, ta tura jama'a cibiyoyi na musamman, ta bar likitocin unguwa a gefe. Waɗanda aka yi wa allurar ba su kai miliyan 6 ba, kuma a Janairun 2010 gwamnati ta soke cinikin miliyan 50.

A daidai lokacin ne gudummawar farko ta fara isa ƙasashe matalauta, bayan cutar ta lafa a wurare da dama. Allurai kimanin miliyan 78 hukumar ta iya rabawa ga ƙasashe 77.

Abin da ya fito fili shi ne, yawan allurar da aka yi a rana bai isa ya zama ma'auni ba, sai an duba wa aka yi wa. Annobar korona ta maimaita wannan darasi, wanda ya kai ga yarjejeniyar yaƙi da annoba da ƙasashe suka amince da ita a watan Mayun 2025. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi: annoba ta gaba ce za ta gwada ta.