A Nuna Wa Yaro Yadda Aka Sani

Na sha tarar da malamin kimiyya ya zana zobe mai kusurwa shida a allo, ya ce, "Ga siffar benzin, ku haddace." Yara su kwafa, shi ke nan. Ni a ganina an tauye su, domin labarin yadda aka san siffar nan ya fi zanen kansa amfani.

Kabon, watau sinadarin da ke cikin gawayi da sukari da jikin ɗan Adam, ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da madubin likita ba ya nuna su. Cikin 1865 wani Bajamushe, Kekule, ya ce a benzin, wani mai da a ke samu daga kwal, ƙwayoyin kabon shida ne suka kama juna kamar zobe. Hasashe ne mai kyau, amma ba wanda ya auna.

Sa'an nan aka gane in an haska eksire, hasken nan da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, a kan abu daskararre irin ƙwayar gishiri, ya kan watsu ya bar ɗige-ɗige a takardar hoto. Daga ɗigon nan a ke lissafa mazaunin kowace ƙwaya. Da haka Bragg da ɗansa a Ingila suka nuna cikin 1913 cewa a daimon kowace ƙwayar kabon tana riƙe da huɗu, uku a ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya a bisa. Zobban daimon a lanƙwashe su ke, don haka Bragg babba ya zaci na benzin ma haka ne.

Almajirarsa ce ta warware zancen. Kathleen Lonsdale, a Jami'ar Leeds, ta sami wani daskararren ɗan'uwan benzin, domin shi kansa ruwa ne, ta duƙufa kan lissafi da hannu. Cikin 1929 ta nuna zoben a shimfiɗe ya ke kamar faifai. Shekara 64 ke nan bayan Kekule, kuma malaminta ne ya yi kuskure. Wane yaro ne zai ji wannan ya manta?

Wani malamin zai ce lokaci ba ya isa, jarrabawa kuwa zane ta ke tambaya. Lalle haka ne. Amma ya tuna aikin nan ba wasan masana ba ne. Da masana suka rarrabu a kan siffar fenisilin, allurar da ta ceci rayuka masu yawa, Dorothy Hodgkin ce ta raba gardama da eksire cikin 1945. Da aka ba ta lambar Nobel cikin 1964, a Ghana labari ya same ta.

Ba na ce a sayo injin eksire ba. Yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa yaro ya gina murhun daimon da faifan benzin da hannunsa, malam ya gaya masa wa ya auna su, da kuma wace shekara.